Yadda Na Saukar wa Kawu Mamuda Ƙwaƙwalwa

Ko rantsuwa na yi muku har muryata ta dushe ba za ku yarda ba, amma ni Iliya, mai zango biyu kacal a makarantar koyon aikin lafiya kafin su ce in je gida in ɗan huta (har yau hutun nake), na yi wa mutum maganin da ya gagari masu farar riga. Mutumin kuwa kawuna ne, Kawu Mamuda kafinta, wanda nake zama a shagonsa ina taya shi da baki. Aiki ya yi masa yawa, masu gadaje da kujeru sun hana shi sakat, jininsa ya hau, ga faɗa kamar ya ari baki. Abu ɗaya ke sanyaya masa rai: kular abincin da matarsa Goggo Lantana ke aiko masa kullum da rana. Ni kuma ba ya ko ce mini bismillah.

Rannan ya dawo daga asibiti yana ta mita, wai likita ya ce ya rage damuwa. Na gyara wuyan riga na ce, "Kawu, ai wannan fannina ne. A gabana aka manna wa wani wayoyi a ka, na ga yadda ƙwaƙwalwa ke zana layi a takarda. In mutum na cikin damuwa, layin sauri yake kamar zarton lantarki. In ya rufe ido ya saki jiki, sai ya koma zarton hannu. In gyangyaɗi ya zo, kamar ana goga sanfefa a hankali. Taka ƙwaƙwalwar tun bara ba a kashe mata inji ba."

Ya ce, "Kai da aka koro?"

Na ce, "Bayan wannan darasin aka koro ni."

Haka muka fara. Da kula ta iso, sai in kwantar da shi a gadon da wani ya sa aka yi bai zo ɗauka ba, in ɗora masa jiƙaƙƙen tawul a ido, in toshe masa kunne da iyafis, in kunna masa ƙarar ruwan sama a wayata. Ya ja numfashi ya ƙirga huɗu, ya sake ya ƙirga shida. Doka ɗaya: minti ashirin, ba buɗe ido, in ba haka ba ƙwaƙwalwa ta koma farko.

Minti ashirin kuwa ya ishi mai ilimi ya tsince naman kula tas, ya baje miya ta rufe gurbin, ya wanke hannu.

Abin mamaki, maganin ya ci! Kawu ya daina jifa da guduma, har an ji shi yana 'yar waƙa. Rashin naman kuwa ya ɗauka Goggo ce ta hana shi saboda hawan jini, ya haɗiye abinsa. Ita kuma tana ta murna maigida na cinye har ƙashi. Kwana tara muna haka, shi jininsa na sauka, ni wuyana na kauri. Har maƙwabta suka fara ce mini Dakta, ni kuma ina amsawa ba tare da na juyo ba.

Rana ta goma Goggo ta aiko da farfesun zabo. Jama'a, zabo! Ƙamshin ya sa na manta ban yi cajin waya ba. Ina tsakiyar cin cinya, ruwan sama ya ɗauke a kunnen Kawu ban sani ba. Shago ya yi tsit. Ni kuwa na samu ƙashin nan na ba shi haƙƙinsa: ƙaras!

Tawul ya zame. Ido ɗaya ya buɗe, sannan ɗayan. Ga ni tsugune gaban kula, romo har gwiwar hannu.

"Iliya."

"Rufe ido, Kawu! Za ka ɓata aikin kwana tara!"

"Me nake gani a hannunka?"

Kun san ni, ba a kama ni da sauƙi. Na sassauta murya irin ta manyan likitoci na ce, "Alhamdulillahi, ka kai matakin ƙarshe. Ƙwaƙwalwarka ta sauka can ƙasa, inda ake ganin abin da babu. Wannan duk mafarki kake yi, Kawu. Ni ma da kake gani, ba ni ba ne."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ja numfashi ya ƙirga huɗu, ya sake ya ƙirga shida, yadda na koya masa. Ya sauko daga gado cikin natsuwa, ya tura ƙofar shago ya sa sakata, ya zaɓi wani falankin katako mai kyau, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba.

"To madalla, Dakta," in ji shi. "Matso kusa. Tunda a mafarkina kake, ba za ka ji zafi ba."