Zagayen Kanar Sannu

Duk sojan da harsashi ya samu bai kashe ba, ya gode wa Allah sau biyu, domin zai ga Kanar Sannu. Shi ne shugaban kula da majinyata a asibitin sojoji, uban masu karaya, gatan marasa ƙafa. Bai taɓa ɗaure ciwo ba, ganin jini ma jiri yake sa shi. Amma wa ya kai shi iya cewa "sannu"? A nan ya samo sunan.

Ranar zagayensa ɗakin majinyata filin fareti yake komawa. A ja zanin gado ya miƙe sambal, a hana nishi, nas-nas su jeru jikin bango kamar an dasa su. Fo kuwa, wanda marasa iya tashi ke biyan bukata a ciki, a kwashe a kulle a sito, don Kanar ya ce yana zubar da martabar soja.

Ran wani zagaye, a gadon kusa da taga akwai wani Saje, ƙafafunsa biyu a rataye cikin filasta, tun safe ana masa ƙarin ruwa. Ruwan da ya shiga kuwa dole ya nemi hanyar fita. Ga surukarsa ta sha doguwar tafiya ta zo duba shi, tana zaune a gefensa, matar da ko ruwa bai taɓa kurɓa a gabanta ba. Ya yafito nas da ido. Nas ɗin ta dubi Kanar, ta sunkuyar da kai. Wadda ta motsa wancan makon har yanzu tana wankin banɗaki.

Kanar ya gyara tsayuwa. "Jarumaina! Ciwonku a jikina yake. Ku kun ba da ƙafa, ni na ba da barcina. Wa ya fi wani?"

Ya shiga tarihin tausayinsa tun daga yaye. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Saje ya ɗaga hannu, gumi na keto masa. "Ranka ya daɗe..."

"Na sani, Saje, godiya za ka yi. Bari sai na gama."

Saje ya cije leɓe. Ya sha tsayawa a gaban ruwan wuta a fagen daga bai ja da baya ba, amma mafitsara ba ta san oda ba. Abin da yake gudu ya faru. Ya ji ɗumi yana bin katifa, ya rufe ido, hawayen kunya suka zubo.

Kanar ya hango hawayen. "Ina mai hoto? Zo ka ga abin da daddaɗar magana take yi wa ƙaton soja!" Ya taka da kakinsa mai sitaci, ya zauna daram a bakin gadon, ya rungumo Saje, ya saki murmushi. Can sai murmushin ya fara yamutsewa. Ya miƙe zumbur, bayan wandonsa sharkaf, kowa a ɗakin ya gani.

Tsohuwar ta riga ta gane. Ba ta ko kalli surukinta ba, ta warware mayafinta ta lulluɓe shi har ƙirji. Sannan ta dubi Kanar da tausayi, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen ɗaki zai ji.

"Ayya, ɗan nan! Ai da ka taƙaita jawabin ka zaga."