Yadda Za Ka Raba Ofishinku da Imel na Kamfani Ba Tare da An Kore Ka Ba

Ni Hauke, mai kula da kwamfutocin ƙaramar hukumarmu, na yi, kuma har yau ina da kujera. Ka bi ni, kai ma za ka tsira.

1. Cika baki

Jira sai an yanka kek a taro. Miƙe ka ce, "Har yaushe za mu zauna haya wurin kamfani a akwatin wasiƙunmu na imel? Ga manhajar da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, kuma kyauta!" Magajin gari Brodersen bai ji komai ba sai "kyauta". Kada ka ƙara bayani.

2. Zaɓi Juma'a

Kowa na tashi da azahar. Kwashe wasiƙu da kalandar ma'aikata zuwa na'urar ofis mai sabuwar manhajar, ka hau kekenka. Abin da ya lalace yana iya jiran Litinin.

3. Kada ka gudu daga Malama Ketelsen

Ita ke ɗaura auren gwamnati a hukumarmu, kuma ta fi ka sauri. Ni a bakin matakala ta tare ni.

"Hauke, amare biyu ne a ofishina, lokaci ɗaya, kowace da surukarta. Ina kalandata?"

"Malama, yanzu kalandar tamu ce, ba ta kamfani ba."

"To tamu ɗin tana ina?"

Tari yana taimakawa a nan.

4. Nemi agaji

Rubuta wa masu manhajar a dandalinsu. Wani bawan Allah a Finland zai amsa maka: "Ka karanta bayanin?" Ka ce e. Shi ma ya san ƙarya ce.

5. Karɓi yabo

Da aka ce Brodersen na nemana, sai da na kwashe hotunan 'ya'yana daga tebur, don na zaci kora ce. Na shiga, ya rungume ni.

"Yaro, tun da ka sa abin nan babu wanda ya kawo ƙorafi! Ko Tönnies mai kukan ramukan titi ya yi shiru."

"Ranka ya daɗe, aikinmu ne."

Kada ka gaya masa cewa wasiƙar waje ko ɗaya ba ta shigowa. Gyara a hankali, ka bar ta Tönnies ƙarshe.

Hattara

Marubucin bai san ka ba, bai kuma taɓa ganin na'urarka ba. Duk mai ƙorafi ya turo mini ta imel.