Rasuwar Doña Fefa, Sandar Ɗan Benci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba zan ɓoye ba, ni Eladio Pimentel na San Pedro, ɗan wasan besbol, wato bugun ƙwallo da sanda, mai zaman benci yana jiran wani ya ji ciwo a saka shi, ina sanar da 'yan uwa rasuwar sandar buguna, Doña Fefa, ranar Lahadi a gaban jama'a.

Marigayiya mai kunya ce. Ba ta taɓa cin zarafin ƙwallo ba. A kakar bana, in mun fita sau goma, da ƙyar ɗaya ke dacewa, shi ma a ƙasa ƙwallon ke mirginawa. Muryarta "tak" ce, can ƙasa-ƙasa. Galibi ma "fuu" take cewa, ta gaisa da iska, mu koma benci tare.

Kowa a garin nan ya san bugu a cikin itace yake, a ƙidaye, wanda ya ara maka sanda ya ara maka rabonsa. Shi ya sa ban taɓa fita atisaye da ita ba, don kada a yi ɓarna. Kullum ina goge ta da ƙashin saniya don itacen ya yi tauri. Matata Miguelina takan ce, "Eladio, da ni kake wa wannan tausar da tuni ka ga sakamako."

Jinyarta gajera ce. Koci ya riga ya ce mutum ɗaya zai rage a bencinmu kafin wasannin ƙarshe, ko ni ko Yeison Brito, wani sabon zuwa. Ina banɗaki aka kira Yeison ya yi bugu, tasa sandar ta tsage, ya miƙa hannu ya ɗauki tawa. Daga can na ji "ƙwas!", ƙarar da ban taɓa sanin tana da ita ba. Ƙwallo ya haye katangar fili, bugun da ya fi kowane daraja a wasan, Doña Fefa ta rabe biyu. Abin da na shekara ina tarawa, a hannun wani ta juye shi lokaci guda.

Yeison ya zo mini ta'aziyya yana haki: "Yayana, sandar nan taka akwai wuta! Me ya sa kake ɓoye ta?"

Ta rasu ta bar ni, da safar hannu wadda ba ta da laifi, da ƙashin saniya, da gurbi a benci wanda yanzu Yeison ke zama a kai. Na yafe mata gwargwadon iko.

Rabin gawa kawai za a binne, wato mariƙin, don kan yana rataye a falon mahaifiyar Yeison. Za a yi jana'iza a bayan gidanmu, gindin ayaba, akwai kofi da biskit. Ranar Asabar ce ƙarfe huɗu, daidai lokacin wasan ƙungiyarmu. Kada kowa ya damu, koci ya ce ba sai na zo ba.