Rasuwar Inna Mai Rabon Adireshi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan abin da ya rage masa na haƙuri, Injiniya mai kula da kwamfutocin wannan ma'aikata yana sanar da rasuwar tsohuwar na'urar nan ta ƙarƙashin matakala, wadda kowa ya fi sani da Inna.

Ga waɗanda suka ci arzikinta shekara da shekaru ba su san aikinta ba, kuma su ne mafi yawa: duk kwamfutar da aka kunna da safe, Inna take fara gaisarwa. Ita ke ba ta aron adireshi, ta nuna mata ƙofar fita zuwa intanet, ta gaya mata ranar da za ta dawo a sabunta aron. Ba ta taɓa bai wa biyu adireshi ɗaya ba, ba ta taɓa tambayar baƙo daga ina yake ba. Maganarta duka ba ta wuce "ƙit" ɗaya idan an tashe ta, sai "zuuu" na fankarta, wanda a shekarun tsufa ya koma "ƙarr, ƙarr".

Injiniya gadonta ya yi. Wanda ya girka ta ya bar aiki tuntuni da duk tsarinta a kansa, wasiyya ɗaya ya bari: kada a kashe ta. Sau nawa Injiniya ya roƙi a sayo mata mataimakiya a kwafe abin da ke cikinta? Kullum amsar Manaja ita ce, "Ai lafiyarta ƙalau."

Ajali ya zo Injiniya yana hutu, yana jinyar mahaifinsa. Masu fenti suka zare wayarta suka tura ta tsakar gida. Abin takaici, ba abin da ya tsaya, domin aron da ta raba bai ƙare ba tukuna. Manaja ya zagaya ofisoshi, ya ga kowa na aiki, ya ce, "Ashe wuta kawai take sha mana!" Kafin la'asar mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ɗora ta a amalanke.

Sai da kwanakin aron suka cika marayu suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar akanta ce ta fara, ta sakatare ta biyo baya, ta Manaja ta zo ƙarshe, kuma a ranar ce aka tuna Injiniya yana da waya. Ya bi sawun amalanken har filin ƙarafa. Wallahi ko murfinta bai samu ba, an riga an farfasa an auna.

Marigayiya ta bar kwamfutoci cike da bene, kowace tana kira ba mai amsawa. Ta bar na'urar buga takardu, wadda ba wanda ya san adireshinta sai Inna, shi ya sa aka rubuta wannan sanarwa da biro. Ta bar Injiniya, wanda ya yi ta rarrafe ƙarƙashin tebura yana saka adireshi da hannu, ya gyara nan can ya rikice, gwiwoyin wandonsa sun yi fari. Manaja ya ba shi zuwa ƙarshen mako: ko komai ya dawo yadda yake, ko ya ajiye makullai. Injiniya ya san abin ba zai gyaru ba, kuma da wannan albashin yake sayen maganin mahaifinsa.

Ba za a yi jana'iza ba, domin babu gawa. Za a karɓi gaisuwa a ƙarƙashin matakala, inda sawun ƙafafunta huɗu ke nan a ƙasa, daga yau har zuwa ƙarshen mako, lokacin da Injiniya zai miƙa wa maigadi makullai ya kama hanyar gida. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don Allah, kada su tambaye shi yaushe intanet zai dawo.