Igiyar Sitiyarin Kawu Isa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da tsaftata ta raba Kawu Isa da jirginsa ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina karatu a Manchester, ina zaune a wani ɗan flat na haya a unguwar Withington, kuma duk wanda ya san ni ya san ciwona: ba na iya ganin datti in wuce. (Na taɓa dirje wa ƙawata kaskon suyarta da soson ƙarfe har ya yi fari fat, ta yi sati ba ta kula ni ba.)

Kawu Isa aminin Babanmu ne, a unguwar Sparkbrook ta Birmingham yake zaune, kuma shi ne ubana a ƙasar nan. Ya yi shekara da shekaru yana koya wa matasa tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska a wata cibiyar council, wato ƙaramar hukuma. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu aka rufe cibiyar, sai ya sayi wani tsohon jirgi ya ajiye a gaɓar teku can Wales. Aiki ya tafi, matarsa Gwaggo ta rasu, ido ya fara rauni. Jirgin nan kaɗai ke fitar da shi daga gida.

Babban ɗansa, Yaya Nura, likita ne, kuma ya dage a sayar da jirgin. Bayan doguwar jayayya suka yi sharaɗi: Yaya Nura zai je ya ga tuƙin da idonsa, in Kawu ya fita ya dawo lafiya, magana ta mutu. Ni kuma na ce zan bi su in taya Kawu. Taimako fa!

Muna isa suka tafi yin alwala, suka bar ni ni kaɗai a jirgin. Nan na hango sitiyarin, babba kamar ƙafar keke, an naɗe wata igiya a gefe ɗaya na da'irarsa, ta yi baƙi ƙirin da maiƙon hannu. Na ce a raina, haba, Yaya Nura ya ga wannan ai sai ya ce Kawu ya daina ganin datti ma. Na zaro wuƙar da na kawo don yanka lemo na tsinke ta, na jefa a ledar shara. Na bi sitiyarin ina juyawa ina gogewa har ya ɗauki ido. (Wallahi har ja da baya na yi ina yaba aikina.)

Abin da ban sani ba shi ne, sitiyarin jirgi ba irin na mota ba ne da ke komawa daidai da kansa. A ƙarƙashin ruwa daga baya akwai wani faffaɗan allo da ke karkata jirgin, kuma ba a ganinsa. Igiyar nan ita ce alama: in tana sama cif, allon ya miƙe. Kawu ma ba kallonta yake ba, da tafin hannu yake jin ta.

Suka dawo, Kawu ya tada ɗan injin da ke taimaka wa jirgin don ya ja da baya daga wurin da ake ɗaure jirage. Na ga hannunsa yana bin da'irar sitiyarin yana laluba, ya zagaya ya sake zagayawa. Ya saci kallon Yaya Nura, ya sa giya. (Daga baya ya gaya min da ya juya sitiyarin ƙarshe zuwa ƙarshe ya raba biyu, da ya gano tsakiya, amma ya ƙi ɗansa ya ga yana kame-kame.)

Jirgi ya karkace ya gogi dakalin katako, ƙuuu, har wasu Turawa da ke shan shayi a jirginsu suka miƙe.

"Baba, that's it. Shi ke nan," in ji Yaya Nura.

Ni kuwa na riga na fara zargin kaina. Kawu ya kashe inji, ya ce a hankali, "Wai ina igiyata?"

Innalillahi. Na buɗe ledar shara a gabansu, na tono ta daga cikin ɓawon lemo. "Kawu, ni ce. Na ɗauka datti ne."

Na yi rantsuwa, na yi kuka, na roƙi Yaya Nura a sake gwadawa. Ya ce min, "Ƙanwata, in 'yar igiya ce kaɗai tsakanin Baba da haɗari, ai kin taimake ni ne." Wannan godiyar ta fi zagi ciwo.

Kafin sanyi ya shigo an sayar da jirgin. Kawu bai taɓa faɗa min baƙar magana ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Guntun igiyar ya karɓa ya naɗa a kan sandarsa. Duk sanda na je Birmingham gaishe shi, ina shiga sai ya janye sandar ya ce, "'Yata, a yi haƙuri, wannan dattin yana bakin aiki."

Ina dariya, amma raina ba ya dariya. Tun daga ranar, ko tabon shayi na gani a kofin wani, sai na tambayi mai shi ko yana da amfani kafin in ɗauko soso.