Koken Gawar da Ba a Ba Wa Gurbi a Dausayin Taurari Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Fina-finai na Fitilar Ƙwai, mamallakin filin shaƙatawa na Dausayin Taurari, uban jarumai maza da mata, mai saukar da ruwan sama a tsakiyar bazara idan waƙa ta bukata. Allah ya ƙara wa kyamararka haske.

Bayan gaisuwa irin wadda tsohon ma'aikaci ke yi wa ubangidan da ya manta da shi, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutum-mutumin robar da ka jera a filinka.

Sunana Ari Bukar. A Kwaciri nake zaune, sana'ata wankin hula a Fagge. Karatuna ya tsaya a aji biyu na sakandare. Ba korata aka yi ba, rabuwa muka yi da makarantar cikin mutunci, don kowa ya gaji da kowa. Saboda haka in ka ga waƙafi a inda bai dace ba, ka ɗauke shi ka kai inda kake so, na bar maka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Asabar mai zuwa Madam Philomena, malamar 'yan aji biyar a wata firamare da ke Sabon Gari, za ta kawo ɗalibanta yawon buɗe ido filinka. A cikinsu akwai 'yata Jawahir, mai shekara goma sha ɗaya. Makonni uku da suka wuce aka ce kowa ya rubuta sana'ar mahaifinsa, sai ta rubuta cewa babanta jarumin fim ne a kamfaninku, wankin hula kuwa yana taɓawa ne don motsa jiki. Wata 'yar ajinsu ta ari wayar uwarta ta bincika sunana, ba ta samu komai ba sai wani Ari Bukar mai sayar da taya a Damaturu. Tun ranar 'yan ajin ke kiranta 'yar jarumi, da irin muryar da ka san yara sun iya. Sun ce ranar Asabar za a gani, tun da duk jarumin kamfanin yana da hoto a Dausayi. Yarinyar da ke riga kowa tashi yanzu kullum da safe sai ta ce ba ta da lafiya, ba za ta je makaranta ba.

Shi ya sa Lahadin da ta wuce na ja maƙwabcina Raji, mai sayar da kwanuka a kasuwar Sabon Gari, muka je muka zagaye filin lungu-lungu muna neman ni. Ga abin da na gano, a jere, kamar yadda masu ilimi ke yi.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, kamfaninku ya yi fim sun fi sittin, amma filin nan kaf na fina-finai huɗu ne, huɗun kuma labarinsu ɗaya: yaro mai mota ya ga yarinya mai gyale, suka shiga lambu suka yi waƙa. Na ga Lambun Soyayya da furanninsa na roba, waɗanda ko akuya ta gani sai ta kau da kai. Na ga wurin da ake sakin ruwan sama na ƙarya, mutane da hankalinsu suna bin layi don a jiƙa su da kayansu na fita kunya. A layinmu famfo ya fi wata biyu bai yi ko tari ba. Raji ya tambayi mai gadi cikin ladabi ko za a bar shi ya dawo da jarkoki, aka ce masa ruwan na soyayya ne, ba na girki ba. Mun kuma shiga Ɗakin Ƙanƙara, wanda aka gina don tunawa da fim ɗin da jarumi ya tafi ƙasar waje ya yi kuka cikin rigar sanyi. Wannan kam na yaba. Na fito da mura, ita ce kaɗai tsarabar da aka ba ni ba a ce in biya ba.

Na biyu. Ina Famfo Ɗaya, Ƙofa Goma Sha Huɗu? Fim ɗin da kuka ɗauka a wani gidan haya a Sabon Gari, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Babarbare ke faɗa a kan bokiti da safe, da yamma su haɗu a kan tabarma ɗaya suna zagin mai gida? Mutanen unguwarmu sun kalle shi har faifan ya gaji. Me zai rage muku in kun ba shi kusurwa? Famfo ɗaya ne wanda ba ya kawo ruwa, sai bokitai a jere. Ba ya bukatar lantarki, ba ya bukatar injiniya daga waje. Mama Felicia da ta fito a matsayin mai ɗaki na bakwai tana nan da ranta, muryarta ba ta ragu ba, kullum tana yi wa maƙwabta wasan kyauta. Ko kuwa kuna jin kunyar fim ɗin ne don babu wanda ya sauya kaya sau tara a cikinsa?

Na uku. Na ga lilon nan mai juyawa da kuka sa wa suna Guguwar Ƙauna, an ɗaure mutane da bel suna ihu. Allah ya ba ka nasara, 'ya'yanmu a adaidaita sahu suke zuwa makaranta. Yaron da aka ratsa da shi tsakanin tirela da mai kura da ƙarfe bakwai da rabi na safe, jakarsa a waje, ƙafarsa ɗaya a kan buhun wani, in ka ɗora shi a Guguwar Ƙauna barci zai yi. Kuna da fim a kan wannan, Ɗan Sahu Ba Birki, kun jefar da shi a sito. Ku kawo adaidaita ɗaya da direba ɗan shekara ashirin wanda budurwarsa ke kiransa a waya, ku cire bel, ku ga yadda manya za su tuna da kalmar shahada.

Na huɗu, kuma a nan ne nake roƙon ka gyara zama. Shekara goma sha shida da suka wuce kun yi fim mai suna Wasiyyar Mai Tireda. Ni ne Mai Tireda.

Na san za ka ce ba ka tuna fuskata ba. Kana da gaskiya, ba a nuna ta ba. Ranar na kawo wa daraktanku hulunansa guda uku da na wanke, na tarar ana ta cacar baki a wani gida a Fagge. Wanda zai fito a matsayin gawar mai tireda ya fasa, wai mahaifiyarsa ta ce in ya kwanta aka rufe shi da farin yadi ba ta yafe ba. Darakta ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, “Kai dogo, ka iya yin shiru?” Matata Fanta har yau tana cewa wannan ce babbar ƙaryar da na taɓa yi, don na ce na iya.

Aka shimfiɗa ni a tabarma, aka rufe ni, yadin bai kai ba, ƙafafuna biyu suka leƙo. Darakta ya ce a bar su haka, sun fi kama da gaskiya. Awa biyar ina kwance 'ya'yan mai tireda suna rigimar wasiyya a kaina. Sau goma sha ɗaya aka maimaita, don babbar jarumarku in ta zo wurin kuka sai dariya ta ƙwace mata. Ƙuda ya sauka a babban yatsana ya yi zamansa kamar ya biya haya. Wani ya taka mini hannu. Ban motsa ba. Ka tambayi duk jaruman da ka yi wa mutum-mutumi, wane ne a cikinsu ya taɓa yin awa biyar a gaban kyamara bai ɓata ko sau ɗaya ba? Da aka gama aka ba ni shinkafa da wake da lemon kwalba, aka ce za a neme ni. Ban sauya lamba ba.

Fim ɗin nan sunana yake ɗauke da shi. Ba don na mutu ba, da babu wasiyya, babu rigima, babu kashi na biyu. Amma a Dausayin Taurari akwai mutum-mutumin dokin da jarumi ya jingina da shi a waƙa ɗaya, ni babu ko takalmina.

Na biyar. A ƙarshen fim kun rubuta, “Gawa: Ari Bukar.” Na gode da karramawa. Wani ɗan uwa ya gani a talabijin ɗin mai shayi, bai tsaya tambaya ba ya buga waya Maiduguri. Kwana biyu bayan nan gwaggona ta sauka a Kwaciri da mata huɗu, idanu jajur, suka tarar da ni a ƙofar gida ina cin rogo da ƙuli. Ta ce tun da ta riga ta yi kukan, ba za ta maimaita ba in lokacin ya zo. Daga ranar sunana ya ɓace a Fagge. Alhazan kasuwar Kwari masu kawo mini huluna sai dai su ce, “Marigayi, tawa ta bushe?” Shekara goma sha shida ina amsawa. Wane jarumi ne a kamfaninku ya riƙe matsayinsa haka, ba hutu, ba Sallah?

Na shida. Da ina da shaida da ban dame ka ba. Faifan da na adana a ƙasan akwati ya karce, yana kaiwa daidai inda za a buɗe ƙofar ɗakin gawa sai ya tsaya yana rawa. Na zaga duk masu tura fim a waya daga Fagge har bakin Bata, yaran ba su taɓa jin sunansa ba, ɗaya ma ya tambaye ni ko na Indiya ne. Ba ku ɗora shi a intanet ba. Abin da ya rage na aikina a duniya yana cikin sitonku, in ɓeraye ba su riga mu kallo ba.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, tun da wasiƙar a buɗe take kuma 'yar tawa ta fi ni iya karatu. Ban taɓa yi wa Jawahir ƙarya ba. Na ce mata an yi fim da sunana, gaskiya ne. Na ce duk manyan jarumai sun tsaya a kaina suna kuka, gaskiya ne. Na ce darakta bai gyara mini komai ba, wannan ma haka ne. Sauran ita ta cika da kanta, da babbar riga da mota da waƙa, ni kuma na ga yadda take kallona, na kasa rage mata ko ɗaya. Mutumin da ke wuni yana goge gumin kawunan wasu daga hula, in ya samu mutum ɗaya a duniya mai yi masa wannan kallon, sai a yi masa uzuri.

Jiya bayan La'asar na zaunar da ita na faɗa mata komai, har da ƙudan. Ta daɗe tana kallon ƙafafuna. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, “Baba, da gaske ba ka motsa ba?” Na ce ko kaɗan. Ta ce, “To ai ka iya.” Ta ce za ta je ranar Asabar, in dai akwai abin da za ta nuna da yatsa ta ce wa 'yan ajinsu wannan babana ne.

Don haka ga roƙona, kuma bai kai tsadar furen roba ɗaya ba. Ku shiga sito ku ciro hoto ɗaya daga Wasiyyar Mai Tireda, wanda ƙafafun suka fito sosai, ku rubuta sunana a ƙasa, ku manna kafin Asabar. Ban ce a Lambun Soyayya ba, na san matsayina. Ko a bangon ban-ɗaki ne na gode, don na lura a nan ne jama'a suka fi tsayawa.

In kuwa ayyuka sun yi wa Mai Girma yawa, kada ka damu, na saba taimakon kamfanin nan a ranar da ya rasa mutum. Zan sayi tikitina kamar kowa, in shigo da tabarmata da farin yadina, ƙarfe goma sha ɗaya daidai in kwanta a gaban Guguwar Ƙauna, lokacin da 'yan aji biyar za su iso. Raji ya yarda zai yi kukan, tun shekaranjiya yake gwaji a shago har ya kori masu saye biyu. Abin da kawai nake nema shi ne ka ja kunnen masu gadinka. In za su fitar da ni, kada su ja ni a ƙasa a gaban yarinyar. Su ɗauke ni su huɗu, a hankali, su bi ta gaban Madam Philomena. Ni kuma na yi alkawari har bakin ƙofa ba zan motsa ba.

Ka huta lafiya, Allah ya ja zamaninka, ya kare furanninka daga rana.

Naka mai biyayya har bayan rai,

Ari Bukar Kwaciri,
wanda aka fi sani da Marigayi,
mai wankin hula, Fagge, Kano.