Yadda Ake Ɗaura Rediyo Na Hannu Don Burge Suruki

Surukinka ya daɗe yana gaya wa matarka cewa mijinta ba shi da natsuwa, bai ma taɓa yarda ya shiga motarka ba. Gobe dole ta sa kai za ka kai shi wajen likitan ido. Mutum ne mai son jin labarai a hanya, motarka kuwa gurbin rediyo sai rami. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari daga gobe ka shiga ransa.

1. Zaɓi rediyo da nauyinsa

Je layin masu kayan mota na hannu. Kada ka tambayi kamfani, sai a gane baƙo ne kai. Ɗaga rediyon, girgiza shi a kunne, ka taɓe baki. In wani abu yana kaɗawa a ciki, kayan aiki ne suka yi masa yawa.

Mai shago zai ce, "Wallahi daga motar wata tsohuwa aka cire, ko kunnawa ba ta yi." Ka yarda. Duk rediyon da ke layin daga motar tsohuwar nan ya fito. Zai ƙara da cewa akwai faifai maƙale a ciki, kuma maɓallin rage murya ya karye. Ka ce ba komai, faifan gyara ne.

2. Kada ka kira mai wayarin

Gwaje-gwaje kawai zai tsaya yi. Kana da wuƙar kicin, kana da salatif, me ya rage? Kwanta ƙarƙashin sitiyari. Ja da ja, baƙi da baƙi. Wayar da ta rasa abokin launi, ka aura mata wadda ta fi kusa. In matarka ta leƙo ta ce, "Anya ka san abin da kake yi?" ka ce ta matsa, tana tare maka haske.

3. Gwada

Tayar da mota. Shiru. Taka birki: wata tsohuwar waƙar soyayya za ta ɓarke har kajin maƙwabta su watse. Ɗaga ƙafa: shiru. Madalla, ka haɗa rediyo da wayar fitilar birki. Ba lokacin gyara, gari ya waye, surukinka yana jira.

4. Tuƙa ba birki

Dattijo yana gefenka, ya haɗe rai. Rage gudu da giya, da addu'a.

"Yaro, ba ka ga ramin nan ba ne?"

"Na gani, Baba."

"Ina rediyon da aka ce ka saya?"

"Yana hutawa, Baba."

5. Danja

Danja za ta yi ja, ga babbar mota tsaye a gabanka. Zaɓi ya rage naka: mutunci ko rai. Taka. Mawaƙiyar za ta fara kiran masoyinta da muryar da ta cika titi, ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Za ka kai hannu ka fizge waya, shi kuwa zai riƙe hannunka.

"Bar ta. Faka a gefe."

Ka faka.

"Taka," in ji shi. "Uwar matarka, Allah ya ji ƙanta, ita take rerawa in tana wanki. Na nemi waƙar nan har na gaji."

6. Riƙe ƙafarka

Kada ka dube shi. In yana goge ido, ka ɗora wa ciwon idon laifi. Ƙafarka za ta yi tsami, ta fara rawa, kada ka kuskura ka ɗaga. In waƙa ta ƙare ya ce, "A maimaita mana, ɗana," ka tuna bai taɓa kiranka haka ba. Sauya ƙafa a hankali.

Gargaɗi

Ba ruwana da batirin da zai mutu, ko likitan da ya tashi ba ku iso ba. Ba ruwana kuma in ka fito kullum da safe ka tarar da dattijo zaune a gaban mota, yana cewa a bi ta hanyar da ta fi yawan danja.